Tabarau mai ido ja da shuɗi a gaban alƙali

Daminar bara ɓarayi suka fasa wa ƙanina shago, ɗan tireda ne a bakin layinsu, ba wani babban abu ba amma dai shi ne rufin asirinsa. An kwana ana ruwa, su kuma ta lungun baya suka bi inda ƙasa ta yi laushi, to ɗaya daga cikinsu sai ya bar mana sawu guda raɗau kamar an buga hatimi, irin kambas ɗin nan ne mai zanen ƙashin kifi a gindi, dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya har da wata 'yar tsaga wajen babban yatsa. Ina zuwa bayan asuba na tsuguna na ɗauke shi da waya kusan sau shida ina ta jin kaina wai ni ga mai bincike. Kafin hantsi 'yan jaje da 'yan kallo da awakin maƙota sun gama da wajen. Da muka je caji ofis na ɗora wayar a kan kanta nace yallaɓai ga sawun ɗaya daga cikinsu nan, shi yana ta can ɓangaren kenan hoton a juye yake ganinsa, ya ɗan ƙura masa ido sai yace “Malam wannan rami ne ko tudu?” Na ji haushi a raina na ɗauka rainin hankali ne, amma da na zagayo na kalla ta inda yake wallahi da gaskiyarsa, sawun ya tashi sama kamar wani ya ajiye tafin takalmi a kan taɓo.

Ba a kama kowa ba, kayan ma sai dai Allah ya mayar da alheri, amma tambayar nan tasa ta tsaya min a rai, ita ta kai ni ga karance-karance a kan wani salon hoto da masu binciken laifi ta hanyar kimiyya, 'yan forensik, suke amfani da shi jefi-jefi in za su yi wa kotu ko ɗalibai bayani, sunansa anagilif.

Abinda ya faru a kan kantar nan ba sihiri ba ne. Kyamara ido ɗaya gare ta, duk abinda ta ɗauka a shafe yake, zurfin da muke gani a hoto ƙwaƙwalwa ce take ƙirƙiro shi daga inuwa, ita kuma ta saba tun muna jarirai haske daga sama yake zuwa, to in ka juya hoto inuwar ta koma ɗaya gefen sai ta karanta rami a matsayin tudu. Mu kuwa a zahiri ido biyu muke kallo da su kuma ba waje ɗaya suke ba, tsakanin ƙwayar idon babban mutum akwai kamar santimita 6 da rabi. Ɗaga babban yatsanka a gabanka ka rufe idon hagu ka buɗe, ka rufe na dama, za ka ga yatsan yana tsalle amma bangon da ke can nesa kusan bai motsa ba. Wannan ɗan bambancin shi ƙwaƙwalwa take aunawa ta gane wanne ne kusa wanne ne nesa. In kana musu rufe ido ɗaya ka gwada zira zare a allura.

Wani Bature ɗan Ingila Charles Wheatstone shi ya nuna a 1838 cewa in ka ba kowane ido nasa hoton daban, an ɗauke su daga wurare biyu masu ɗan tazara, ƙwaƙwalwa za ta haɗa su ta ga abu da kauri da zurfi. Matsalar ita ce ya za a yi kowane ido ya ga nasa kaɗai. Shi da madubai ya yi, sai wani Bajamushe Wilhelm Rollmann ya bayyana dabarar launi a 1853, daga baya wani Bafaranshe Louis Ducos du Hauron ya fitar da yadda za a buga shi a takarda a 1891. Kenan abin ya girmi kakanninmu, ba wata sabuwar fasaha ba ce, ko hukumar NASA da ta sauke na'urarta a duniyar Mars a 1997 irin waɗannan hotunan ta saki mutane suka riƙa kallon duwatsun can da tabarau na kwali.

Dabarar kanta ba wuya. Duk hoton da ke kan sikirin launi uku aka cakuɗa, ja da kore da shuɗi. Sai ka ɗauki hoton hagu ka bar masa jan kawai, ka ɗauki na dama ka bar masa kore da shuɗi, ka ɗora su a kan juna su zama hoto ɗaya. In ka kalle shi haka da ido za ka ga kamar firinta ce ta yi shirme, kowane abu da inuwar ja a gefe ɗaya da mai ruwan shuɗi a ɗaya gefen. Amma ka sa tabarau mai ledar ja a idon hagu da shuɗi mai sirkin kore a dama, jar ledar ba ta barin komai ya wuce sai ja, ɗayar kuma ta tare jan, shi kenan kowane ido ya samu rabonsa.

Ni dai sai da na gwada da hannuna. Na cika tsohon faranti da yashi mai ɗan danshi, na sa ɗana ya taka da silifas ɗinsa, na ɗora waya a kan benci tana leƙen farantin daga sama kamar santimita 60, na ɗauka, na zame ta gefe santimita 2 ba tare da na karkata ta ba na sake ɗauka. Wannan 2 ɗin ba da ka na yi ba, masu harkar suna da wani ƙiyasi cewa tazarar da za ka matsa ta zama kashi ɗaya cikin 30 na nisan abu mafi kusa da kai. Na haɗa su a kwamfuta da wata manhaja ta kyauta StereoPhoto Maker, na sa tabaran, kai jama'a, sawun ya faɗa cikin sikirin kamar in sa yatsa in taɓa gindinsa, ina ganin inda dunduniya ta fi nutsewa da ɗan bangon yashin da ya taso ta gefen yatsu. Na juya laftof ɗin ƙasa ta koma sama, na juya tabaran shi ma yadda ja zai bi hotonsa, rami na nan a raminsa, inuwa ba ta isa ta ruɗe ni ba wannan karon. Uwargida na kira nace zo ki gani, ta sa ta kalla tace “to yanzu wannan ne ya hana ka zuwa cefane?”

Amfaninsa a harkar shari'a daga nan ya taso, domin shaidu da yawa labarinsu a cikin zurfi yake. Sawun takalmi da na taya ɗaya kenan. Sai tabon da ƙarfe ke bari a jikin ƙarfe, kwaɗon da aka datse da almakashin rodi bakinsa yana ɗauke da zane-zane na kaifin wannan almakashin, ƙofar da aka ɓanɓare da ƙarfe haka. Sai kwanson harsashi, akwai wata 'yar ƙusa a cikin bindiga da ke dukan gindinsa ta bar ɗan rami, shi kansa harsashin in ya bi ta bututu mai zane yakan fito da ƙarce-ƙarce a jikinsa, kodayake bindigar toka ta maharbanmu cikinta sumul yake ba ta barin irin wannan. Masanin da ya zauna da madubin likita mai ido biyu, irin mai ƙara girman ƙananan abubuwa, yana ganin duk wannan da zurfinsa, amma in ya zo kotu me zai nuna? Hoto a shafe, sai ya yi ta bayani da baki, nan ya lotsa nan ya taso, alƙali yana gyaɗa kai yana rubutu amma Allah kaɗai ya san me ya gani. Ba za ka ɗauko madubin ka kawo kotu kowa ya leƙa ba. Anagilif kuwa hoto ɗaya ne da za a haska da majigi ko a buɗe a laftof, a raba tabarau, mutum goma su kalla lokaci guda. Ba ya buƙatar sikirin na musamman irin na sinima, arharsa kenan kuma tana cikin dalilan da suka sa har yau ba a yar da shi ba. Ya fi kyau ma da hotunan madubin nan mai aiki da lantarki wanda ke ƙara girman abu sau dubbai, saboda hotunansa dama fari da baƙi ne, sai a ɗauka, a ɗan karkata abin digiri kaɗan a sake ɗauka.

Ni abinda ya sa nake ganin maganar ta shafe mu a Kano fiye da yadda muke zato, shaida a garin nan ba ta daɗewa. An yi faɗan daba ko ƙwacen waya da daddare, kafin gari ya waye an share wajen an watsa ruwa, masu shago sun buɗe, adaidaita sahu sun bi ta kai. In rai aka rasa kuwa mu Musulmi ne, ba ma ajiye gawa, wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma ka je ka ce wa uba a bar ɗansa a fede shi don bincike ka ji amsar da za ka samu. Ba laifin kowa ba ne, haka addini da al'ada suka tsara, sai dai sakamakon shi ne shari'ar da za a yi shekara uku ana yi, abinda zai rage mata daga ranar farko hoto ne kawai da takardar likita. To in hoto ne zai rage me zai hana a ɗauki biyu maimakon ɗaya, daƙiƙa nawa ne.

A nan ne ma nake ganin ya fi dacewa da hoton sitiskan. Injin sitiskan irin wanda ke manyan asibitocinmu dama jiki yake yankawa faifai-faifai a cikin kwamfuta ba tare da wuƙa ba, kwamfutar tana da siffar ƙoƙon kan gaba ɗaya, to fitar da hoto biyu daga kusurwa biyu ba komai ba ne a wajenta, kuma ƙashi ba ruwansa da launi. Jami'ar Bern a Suwizalan ta fara wani shiri tun wajen shekarar 2000 na binciken gawa da irin waɗannan injina, a Ingila ma an buɗe cibiyar haka a Sheffield a 2013, kuma cikin waɗanda suka fi maraba da ita akwai Musulmi da Yahudawa saboda dalili irin namu. Ka ƙaddara likita yana son ya nuna wa kotu cewa ƙashin kan nan lotsawa ya yi ciki kamar an doka abu mai nauyi mai ƙaramin baki, ba tsagewar faɗuwa ƙasa ba ce, a hoto shafaffe layi ne kawai baƙi a kan fari, da tabaran nan kuwa ko wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba zai ga ramin.

Kuma mu zurfin rauni ba baƙon abu ba ne a shari'armu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya kai babin jini da haddi a Risala ya san malamai da zurfi suka rarraba raunuka. Wanda ya kai har ƙashi ya bayyana a kai ko fuska shi ne muliha, raƙumi 5. Wanda ya farfasa ƙashin har ɓarɓashinsa ya tashi amma bai kai ƙwaƙwalwa ba munaƙƙila, raƙumi 15. In ya kai ga ƙwaƙwalwa ma'amuma kenan, sulusin diyya, haka ja'ifa wadda ta huda har cikin ciki. Dubi tazarar da ke tsakanin 5 da 15 da sulusin raƙumi 100 na cikakkiyar diyya, duk a kan abinda bai wuce faɗin yatsa ba. Ranar da za a zauna shari'a kuma ciwon ya warke sai tabo, gashi ma ya rufe shi. Likitan da ya duba ranar farko shi ne zai faɗi matakin raunin ba hoto ba, amma hoton da ke da zurfi zai taimaka masa ya nuna abinda yake nufi.

To amma fa tsugune ba ta ƙare ba, don abin nan yana da ƙarya kala-kala, kuma ƙaryar tasa mai daɗin kallo ce.

Babbar matsalarsa launi, don da launi ya sayi zurfin. Kuma wane launi ne ya fi muhimmanci a wajen da aka yi ta'asa? Ja. Ɗigon jini a kan farar shadda, idon da ke bayan jar leda zai gan shi ya dusashe ya kusa ɓacewa cikin farin, ɗaya idon kuma ya gan shi baƙi ƙirin, sai idanun biyu su kama kokawa, wajen ya riƙa walƙiya yana ɓacewa yana dawowa, minti biyu kanka ya fara sarawa. Maganin da aka saba shi ne a mayar da hotunan fari da baƙi kafin a haɗa, to ka ga an zubar da launin kenan gaba ɗaya, ba ka bambance jini da bakin mai, ba ka ganin kalar ƙurjewa ko taruwar jini. Akwai wani malamin jami'ar Ottawa a Kanada, Eric Dubois, da ya fitar da wani lissafi a 2001 da ke rage wannan rikicin ya bar ɗan launi, yana da kyau sosai a ido, amma ka lura me ake yi, kwamfuta ce take sauya launukan don su zauna lafiya da tabarau, launin da ka gani ba shi ne na ranar ba. Haka batun takardu, ga rigimar fili da ta cika kotunanmu, wani yace sa hannun ne aka fara yi sannan aka buga hatimi wani yace a'a, mutum zai ɗauka hoto mai zurfi zai raba gardama. Ramin da bakin biro ya yi a takarda kam zai iya fitowa, amma wane layi ne a saman wane tsohuwar matsala ce ko a wajen masanan, ido yakan ɗora tawada mai duhu a sama ko da ita ce a ƙasa, balle ka zo da shuɗin biro da jan hatimi ka kalle su ta ledar ja da shuɗi, ai ka ƙara wa Borno dawaki.

Ta biyu ita ta fi ba ni tsoro don da idona na gani. Ranar gwajin nan ɗana ya ɗauki tabaran ya sa a juye, ja a dama, sai yace “Baba ai takalmin ne a sama.” Na karɓa na sa yadda ya sa, sawun nan da na gama yabo ya taso ya zama tudu, tambayar ɗan sandan nan ta dawo sabuwa, kuma wannan karon tudun ya fi na farko kama da gaske. In aka musanya hagu da dama, ko a wajen haɗawa ko a wajen sa tabarau, komai juyewa yake, rami ya zama tudu. A fuskar mutum ko mota ƙwaƙwalwa za ta ƙi yarda don ta san hanci ba ya shiga ciki, amma a ƙarcen jikin harsashi da ba ka taɓa gani ba, ko tsagar ƙashi, da me za ka gane an juya? Ƙashin da ya lotsa ciki da wanda ya ɓallo waje labari biyu ne daban, ɗaya yana cewa daga nan abu ya shiga ɗaya yana cewa ta nan ya fita. Shi ya sa mai hankali zai ajiye wani abu sananne a cikin hoton, ko da kwabo ne ko murfin kwalba kusa da rula, wanda kowa ya san tudu ne, in an ga ya nutse an san an yi kuskure.

Sai yawan zurfin kansa, wanda a hannun mai ɗauka yake. Na sake gwajin da santimita 6 maimakon 2, sawun ɗan yaro ya koma kamar rijiya. Wannan ba sirri ba ne, da gangan ma ake yi wani lokacin, a yaƙin duniya na biyu masu nazarin hotunan jirgin sama na Ingila da irin hotuna bibbiyu masu tazara mai yawa suka riƙa ganin tsayin abubuwa a ƙasa, har suka gano makaman roka na Jamus a Peenemünde a 1943. Can ƙarin gishirin amfani ya yi. A kotu kuwa ɗan ƙaramin rauni zai iya zama abin tashin hankali don kawai mai hoto ya matsa hannunsa fiye da kima, ko babba ya zama ƙarami, kuma ba wanda zai ce an yi fotoshof don ba a taɓa komai a cikin hoton ba. Bayan haka ma inda ka zauna yana canza abinda ka gani, na kusa da sikirin zai ga zurfin ya taƙaita, na can baya zai ga ya miƙe, na gefe ya ga ya karkace, kenan mai shari'a a kan kujerarsa da lauyan gwamnati da wanda ake tuhuma a cikin akwati hoto ɗaya suke kallo amma rami uku suke gani. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ya san kima, to kima ce kawai anagilif yake bayarwa, in ana son mudu sai a koma ga rula da aka ajiye a gefen abin, ko a zuba garin fi-o-fi a cikin sawun a ɗago siffarsa, ko a yi lissafi daga ainihin hotunan biyu.

Ƙananan matsaloli kuma ba adadi, in da waya ɗaya ka ɗauka bi da bi to duk abinda ya motsa tsakani ya ɓata aikin, ƙuda ko inuwar mai wucewa ko numfashin mara lafiya, filas ɗin waya ma yana bin ta ya canza inuwa. Ka tura ta WhatsApp ya matse hoton ya dagula launukan, ka buga a firintar bisnes santa tawadar ba ta dace da ledar ba sai kowane ido ya riƙa hango fatalwar hoton ɗan'uwansa.

Yanzu shigo da shi kotu. Dokar shaida ta 2011 sashe na 84 ta ce duk abinda kwamfuta ta fitar sai an nuna na'urar lafiyarta ƙalau lokacin da ta yi aikin, an kawo takardar shaida da ke bayanin yadda aka samar da shi da sa hannun wanda ke da alhaki, kuma Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa take ba tun a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa a 2012, inda aka yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet don ba a cika sharuɗan ba. Anagilif kuwa ko hoton da kyamara ta ɗauka ma ba shi ba ne, abu na uku ne da aka ƙera daga hotuna biyu. Lauya mai kaifi ba zai sha wahala ba, zai miƙe yace ya mai shari'a muna so shaida ya faɗa mana santimita nawa ya matsa, wa ya auna, wace manhaja, wanne ne hagu, ina na asalin. In ba amsa to a banza. Ni a ganina ma bai kamata a miƙa shi a matsayin shaida mai zaman kanta ba, hotunan asali guda biyu da rularsu su ne shaida, shi kuma ya zo a matsayin abin nuni da masani zai yi bayani da shi kamar yadda zai zana a allo, kuma a ba ɗaya ɓangaren fayil ɗin su haɗa nasu su gani ko zai fito iri ɗaya.

Wani abin da ban ga ana kawowa ba, mu nan ba mu da tsarin nan na Amurka da ake tara mutum 12 su yanke hukunci, mutum ɗaya ne a kan kujera. Kuma ba kowa ne yake ganin zurfi ta wannan hanyar ba, mai ido ɗaya ba zai gani ba, wanda ya tashi da harara-garke ko ido ɗaya mai rauni tun yarinta sau da yawa ba ya gani, wasu ma ba su san ba sa gani ba don sun saba rayuwarsu lafiya lau, ga yanar ido da ke kama manya. To a ce mai shari'a yana cikinsu, ga shi ya ɗora tabaran kwali a kan na likita, kotu ta yi tsit ana jiransa, masani yana cewa ranka ya daɗe ka ga inda ya nutse ko, kana ganin zai ce ban gani ba? In ya gani ɗin ma me zai rubuta, kuma in an ɗaukaka ƙara, fayil ɗin da zai tafi sama fotokwafi ne fari da baƙi, abinda zai isa gaban manyan alƙalai wani dusu-dusu ne mai inuwa biyu, hujjar da ta fi tasiri a zuciyar alƙalin farko ita ce su ba za su taɓa gani ba.

Gani ya kori ji, kuma nan ne haɗarin yake, don abinda ya ba mutum mamaki yakan ɗauka ya gamsar da shi. A jihar Arizona ta Amurka an yanke wa wani mutum Ray Krone hukuncin kisa a 1992, babbar hujjar ita ce masanin haƙori ya nuna wa kotu cewa shatin cizon da ke jikin matar da aka kashe ya hau daidai da haƙoransa, an yi nunin ya yi kyau kowa ya gani da idonsa, sai a 2002 gwajin DNA ya nuna wani ne daban, bayan ya share shekara goma a ɗaure. A 2009 cibiyar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto da ya ce yawancin fannonin nan na kwatanta shati da shati, har da na cizo, ba su da ƙwaƙƙwaran tushen da ake ɗauka suna da shi. Ba anagilif aka yi amfani da shi a kan Krone ba, amma ka ƙaddara an ƙara wa wancan nunin zurfi, haƙori yana faɗawa cikin rami a gaban idonka, wa zai tsaya tambayar ko fatar mutum tana riƙe shati yadda yashi yake riƙewa.

Sawun bayan shagon ƙanina da na san abinda na sani yanzu da na ajiye rula a gefensa, na tsayar da wayar sak daga sama, na ɗauka na matsa yatsa biyu na sake ɗauka, sannan na kifa masa bokiti na aika yaro ya samo fi-o-fi wajen masu silin. Hotuna shidan nan har yanzu suna cikin wayata, kwanaki na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ko zan samu biyu da za su haɗu, babu, kowanne na karkata hannu ta wani gefen, ɗaya ma inuwar kaina ce ta rufe dunduniyar.